Yadda zaka tsara dogon labarinka tun kafin ka rubuta layin farko

Akwai abun da yake ci mun rai game da mu masu son rubuta dogon labari. Mutum zai tashi da ɗoki, labari na ta yawo a kansa kwana da kwanaki har bacci baya iya yi, ya ɗauki waya ko biro ya zuba babi biyar cikin sati guda, daga nan sai ka ga ya fara ja da baya, yau ya rubuta rabin shafi gobe ya ce kansa na ciwo, kafin a kai babi na goma sha biyu wuta ta mutu murus. Ni kaina labari biyu na binne a haka, ɗaya ya tsaya a babi na 14, kuma har yau in na buɗe fayil ɗin sai raina ya sosu dan mutanen dake ciki ina son su sosai, kawai dai ban san inda zan kai su bane. Na daɗe ina ɗauka rashin baiwa ce ko kasala, sai daga baya na gane abunda na shiga rubutu dashi farkon labari ne kawai, ba ni da tsakiya ba ni da ƙarshe, kuma farko shi kaɗai baya kai mutum nesa.

Toh wannan da zan jero maka ita ce hanyar da nake bi yanzu, mataki bayan mataki. Da kai nake magana ɗan uwa, in kuma ke ce 'yar uwa duk ɗaya ne. Zamu ɗauki labari guda ɗaya na misali mu dinga gwada komai a kansa dan kar maganar ta tsaya a iska.

Da farko ka kwashe komai daga kanka

Wannan bazai ɗauke mu lokaci ba. Ka samu littafi ɗaya ko fayil ɗaya, duk abunda ya faɗo maka game da labarin ka zuba shi ciki ba tare da ka tsaya tacewa ba, wata magana da kaji wani yayi, fuskar wata mata, faɗan da kake hangowa tsakanin wa da ƙani, ko suna kawai da ya burge ka. Kar ka damu da tsari a nan. Ka ba shi kamar sati ɗaya zuwa biyu. Ranar da ka zauna karantawa zaka ga akwai abu ɗaya ko biyu da kake ta komawa kansu ba tare da ka sani ba, toh nan zuciyar labarin take, sauran kuma wasu zasu shiga wasu na wani labarin ne daban, ka bar su a ajiye.

Mataki na biyu, labarin duka a jimla ɗaya

Nan ne mutane suke fara gudu, dan yana da wahala fiye da yadda ake zato. Wani marubuci ɗan Amurka, Randy Ingermanson, wanda asalinsa masanin kimiyyar fiziks ne, ya shahara da wata hanya ta tsara labari mai matakai 10, kuma matakinsa na farko shine ka faɗi labarinka duka a jimla ɗaya, ya ma ce ka yi ƙoƙari kar ta kai kalma 15. Ni bana matsa wa kaina kan adadin, in ta kai 25 ma ba laifi, amma dole jimlar ta ƙunshi abu huɗu: waye mai labarin, me yake so, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa in ya gaza.

Ga yadda mutane da yawa suke rubuta tasu: labari ne akan cin amana da nadama. Wannan ai jigo ka faɗa mun, baka faɗa mun labari ba, dan littattafai dubu zasu iya shiga cikin wannan jimlar. Duba wannan kuma: wata nas da ta ɓoye kuskuren da ya kashe majiyyaci shekara 9 da suka wuce, aka kori abokiyar aikinta a madadinta, yanzu ɗiyar matar da aka kora ta zo aiki a ƙarƙashinta tana neman gaskiya daidai lokacin da ake shirin yi wa nas ɗin ƙarin girma. Kaga banbancin? Daga karantawa kanka ya fara tambaya, yarinyar zata gano? In ta gano me zata yi? Wannan tambayar da ta taso ita zata riƙe mai karatu har shafin ƙarshe, kuma ita zata riƙe ka kai ma ranar da kasala ta zo.

Ka rubuta jimlar nan sau goma in ta kama. In ka kasa rubuta ta kwata kwata, kar ka yaudari kanka kace labarin ne yayi zurfi da yawa, yawanci alama ce baka yanke shawarar labarin waye kake bayarwa ba tukuna.

Sai taurari, kuma nan zan daɗe

Mu sa wa nas ɗin suna Hajara, yarinyar kuma Safiya, sunayen wucin gadi ne, zaka iya canjawa daga baya. Na sha ganin takardun tsara taurari masu tambaya hamsin, kalar da take so, tsayinta, ranar haihuwarta, na taɓa cika irin su kuma wallahi ko kaɗan basu hana labarina mutuwa ba. Abunda yake tuƙa labari tambayoyi ne 'yan kaɗan, sai dai suna buƙatar ka zauna ka amsa su da gaskiya.

Me take so a fili, wanda in ka tare ta ka tambaye ta zata faɗa maka? Hajara tana son ƙarin girman nan, kuma tana son asirinta ya zauna a rufe. Me take buƙata a can ƙasan ranta wanda ita kanta bata yarda dashi ba? Ta sauke nauyin da ta ɗauka shekara 9. Ka lura waɗannan biyun suna karo da juna, bazata samu ɗaya ba sai ta saki ɗaya, kuma wannan karon shine injin labarin. In abunda tauraronka yake so da abunda yake buƙata abu ɗaya ne, labarin zai tafi sumul ba gargada, kuma mai karatu zai yi hamma.

Sai ka tambaya, wace ƙarya take faɗa wa kanta dan ta iya bacci? Misali tana cewa ai ko na faɗi gaskiya a lokacin mamacin bazai dawo ba, kuma ina da ƙannen da nake ɗauke dasu. Ƙaryar nan dole ta kasance mai kama hankali, wadda kai kanka in ka tsinci kanka a wurinta zaka iya faɗa. Daga nan me take tsoro fiye da komai, kuma meye abunda ta rantse bazata taɓa yi ba? Ka rubuta shi da kyau, dan aikinka a matsayin marubuci shine ka matse ta har ta tsaya a bakin wannan abun. In kaga ƙi gudu ai sa gudu ne bai zo ba.

Yanzu abokin karawa. Dan Allah ka daina gina mugu wanda mugunta ce kawai sana'arsa, yana tashi da safe yana tunanin wa zai cuta ba dalili. Banza bata kai zomo kasuwa, kowa da abunda ya fito dashi. A misalinmu ma Safiya ce take tsaye a gaban Hajara, kuma ita ce mai gaskiya, uwarta aka zalunta. Wannan yafi daɗin rubutu nesa ba kusa ba, dan mai karatu zai rasa ɓangaren da zai tsaya. Abunda nake yi shine na ɗauki shafi guda na rubuta labarin duka daga bakin abokin karawar, kamar shine tauraro, da kalmar ni. In na gama na ji ban tausaya masa ko kaɗan ba toh ban san shi ba tukuna, sai na sake.

Ƙananan taurari kuma ka yi musu tambaya ɗaya tak, meye aikinka a nan? In mutum biyu suna aiki iri ɗaya, misali ƙawaye biyu duk masu ba da shawara, ka haɗe su su zama mutum ɗaya. Kuma ka kula da sunaye, kar ka tara mutum uku duk sunansu ya fara da harafi ɗaya, mai karatu a waya yana saurin wucewa da ido, zai dinga rikita su.

Ka san ƙarshen tun yanzu

Na san akwai masu cewa in sun san ƙarshe daɗin rubutun ya tafi, kuma gaskiya akwai manyan marubuta da suke rubutu a haka ba taswira, labari na buɗe musu kansa suna tafiya. Ban ce hanyarsu ba daidai bace, amma abunda ba'a cika faɗa ba shine irin waɗannan suna biyan bashin daga baya, su sake rubuta littafin sau uku sau huɗu suna yanke babi babi suna zubarwa. In kana da wannan juriyar bismillah. In kuma ka taɓa barin labari a hanya kamar ni, ka nemi ƙarshenka tukuna.

Ba wai sai ka san kalmomin shafin ƙarshe ba. Ka amsa uku kawai: ta samu abunda take so ko bata samu ba? Me ta biya? Wace irin mutum ta zama wadda ba ita bace a shafin farko? A namu, Hajara ta tsaya gaban kwamitin asibiti ta faɗi gaskiya da bakinta alhali ta riga ta samu hanyar da zata tsira, ta rasa aikin, an wanke sunan uwar Safiya, amma Safiya bata yafe mata ba, aƙalla ba a cikin littafin ba. Abu mafi muhimmanci, ƙarshen ya fito daga zaɓin tauraron da kansa. In hatsarin mota ne ko wata wasiƙa da ta faɗo daga sama ta warware ƙullin, mai karatu zai ji kamar ka cuce shi bayan ya baka dararensa.

Ginshiƙan da zasu riƙe ginin

Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce masanin falsafa Aristotil na ƙasar Girka ya ce cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. A 1979 wani malamin rubutun fim ɗan Amurka, Syd Field, ya yaɗa rabon da yanzu marubuta labarin zube ma suke aro, wato farko ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, tsakiya ta ɗauki rabi, ƙarshe ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. Ba doka bace, awo ne kawai, amma yana saurin nuna maka in ka ɓata rabin littafi kana gabatar da mutane ba abunda ya faru.

Ni ginshiƙi biyar nake kafawa. Na ɗaya, abunda ya girgiza zaman lafiyar tauraro, kuma ya zo da wuri: ranar da Safiya ta shigo da takardar kama aiki Hajara ta ga sunan uwarta. Na biyu, ƙofar da in an shiga ba komawa, wajen ƙarshen kashi na farko: Hajara ta saci tsohon fayil ɗin majiyyacin daga ɗakin ajiya, yanzu ta ƙara sabon laifi akan tsoho. Na uku shine tsakiyar littafi. Na huɗu, lokacin da komai ya rushe: Safiya ta gane, kuma uwarta tana kwance rai a hannun Allah. Na biyar ƙololuwa, zaman kwamiti, ranar wanka da ba'a ɓoyon cibi.

Na tsallake na uku da gangan dan shine maganin ciwon da muka fara dashi. Dalilin da yasa labarai suke mutuwa a tsakiya shine marubuci yana da abu ɗaya tak da yake ta maimaitawa, an kusa kama ta ta tsira, an kusa kama ta ta tsira, sau biyar, har shi kansa ya gaji. Dole a tsakiyar littafi wani abu ya faru da zai juya labarin ya canja masa fuska. Misali Safiya ta yi kuskure irin wanda Hajara ta yi a da, Hajara ce kaɗai ta gani, ta ceci majiyyacin ta rufa mata asiri. Yanzu fa? Yarinyar ta fara ganin Hajara kamar uwa, tana kawo mata sirrinta, har tana roƙonta ta taya ta nemo wanda ya cuci mahaifiyarta. Kafin tsakiya Hajara tsoron kamu take, bayan tsakiya kunya da ƙauna ne suke cinta, kuma ga makami a hannunta da zata iya rufe bakin yarinyar dashi in ta ga dama. Rabin littafi na biyu ya samu sabon mai kenan. In ka zauna tsara labarinka ka ba wannan wurin lokaci fiye da ko'ina, ko kwana uku zaka yi kana juya shi bai ɓaci ba.

Jera fitowa fitowa, da gwajin saboda haka

Yanzu sai a cike tsakanin ginshiƙai. Fitowa ita ce guntun labari da ya faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, babi kuma yana iya ɗaukar fitowa ɗaya ko biyu ko uku. Ka samu ƙananan katuna ko ka yayyanka takarda, kowace fitowa kati ɗaya. Vladimir Nabokov, marubucin nan haifaffen Rasha, akan irin waɗannan katunan yake rubuta littattafansa. Amfanin kati shine zaka baza su a ƙasa ka ga labarin gaba ɗaya da ido, ka ɗauke wannan ka mayar can ba tare da ka goge komai ba. In a waya kake aiki, tebur a Google Sheets ko jeri a Google Keep zai yi, in kana da kwamfuta akwai manhajar Scrivener da aka yi ta musamman da allon katuna a ciki, amma ni har yau takarda tafi kwanta mun.

A kowane kati ka rubuta: idon waye muke kallo dashi, ina ne, yaushe ne, me yake so a wannan fitowar, me ya hana shi, sannan me ya canja kafin a tashi. Wannan na ƙarshen kar ka yi masa wasa. In mutane sun zauna sun yi hira shafi huɗu suka tashi yadda suka zauna, ba wanda ya san sabon abu, ba wanda ya yanke shawara, ba dangantakar da ta motsa, katin nan cire shi ko ka haɗa shi da wani.

Ga gwajin da nake ganin shine ƙashin bayan duk wannan aikin. A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya ba da wani misali da ya zauna mun a kai, ya ce in kace sarki ya mutu sannan sarauniya ta mutu, jerin abubuwan da suka faru ka kawo, amma in kace sarki ya mutu sannan sarauniya ta mutu saboda baƙin ciki, toh ka ƙulla zaren labari. Kalmar saboda ce ta kawo banbancin. Dan haka ka ɗauki katunanka ka karanta su a jere da ƙarfi, tsakanin kowane biyu ka gwada saka saboda haka, ko kuma amma sai. Hajara ta saci fayil, saboda haka mai kula da ɗakin ajiya ya shiga matsala, saboda haka ya fara bincike da kansa dan ya wanke kansa, amma sai ya tarar sa hannun ƙarshe na Safiya ne, saboda haka zargi ya koma kan yarinyar. Kaji yadda kowanne yake haifar da na gaba? Duk inda ka ga ba abunda ya shiga sai sannan kuma, sannan kuma, wurin nan zaren ya tsinke, kuma a daidai nan zaka maƙale in ka fara rubutu. Ruwa baya tsami banza, haka ya kamata kowace fitowa ta kasance, akwai abunda ya jawo ta. Gyaran kati ɗaya minti goma ne, gyaran babi takwas da ka riga ka rubuta kuwa shine yake sa mutum ya rufe fayil ya daina buɗewa.

Kana cikin jerawa ka dinga lura da shuka da girbi. Anton Chekhov, marubucin wasan kwaikwayo na Rasha, ya shahara da shawarar cewa in ka nuna bindiga a rataye a bango a farkon wasa toh dole a harba ta kafin a gama. Ka juya maganar ma tana aiki, in za'a harba bindiga a ƙarshe dole mu ganta tun farko. In rubutun hannun Hajara ne zai tona mata asiri a babi na 30, toh tun babi na 3 wani ya yi mata tsiya akan yadda take rubuta lamba 7. Ina ɗaukar biro mai wata kala in sa alama a katin da aka shuka da katin da aka girbe, duk alamar da bata da abokiyar zama na san akwai aiki. Haka ƙananan labarai na gefe, soyayya ko rikicin gida, kowanne ka ba shi kalarsa, in ka baza katuna ka ga wata kala ta ɓace tsawon kati goma sha biyar ka san mai karatu ya manta da ita.

Bakin waye, yaushe, a ina

Ka yanke shawarar mai ba da labari kafin ka fara, dan canja shi daga baya aiki ne ja. In da ni zaka rubuta, wato tauraro na ba da labarin kansa, zaka samu kusanci sosai amma bazaka iya nuna abunda bai gani ba ko bai ji ba. In da shi ko ita zaka rubuta kana da sarari, sai dai ka tsaya a kan mutum ɗaya cikin kowace fitowa, kar ka dinga tsalle daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a sakin layi ɗaya. Labarinmu zai fi kyau a raba tsakanin Hajara da Safiya, dan mai karatu ya san abunda Safiya bata sani ba, yana kallonta tana jingina da wadda ta cuce su, wannan kaɗai ya isa ya hana shi ajiye littafin. In kana shakka ka rubuta shafi ɗaya ta kowace hanya ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai faɗa maka.

Sai kalanda. Ka ja layi biyu, ɗaya na abubuwan da suka faru kafin labari ya fara, ɗaya na cikin labarin, ka sa shekaru. In abun ya faru shekara 9 baya kuma Safiya tana da 23 yanzu, tana da 14 kenan lokacin, ta isa ta tuna ranar da uwarta ta dawo gida tana kuka, kaga lissafi ya baka fitowa kyauta. Lissafin nan ne yake hana ciki ya yi wata goma sha huɗu ko yaro ya yi shekara biyar yana aji ɗaya. Waiwaye kuma, wato komawa baya cikin labari, ka tsara inda zai shigo, kar ka juye tarihin mutum duka a babi na farko, ka dinga ba da shi kaɗan kaɗan lokacin da mai karatu ya fara ƙishirwar sani.

Wuraren da aka fi zama ka zana su ko da zanen yara ne, ina ƙofa take, ina ɗakin ajiya yake daga ofis. Bincike kuma ka rubuta jerin tambayoyin da labarin yake buƙata kawai, misali yaya ake miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, waye yake sa hannu in an fitar da magani, ka nemi mai wannan aikin ka tambaye shi, hira ɗaya da shi ta fi awa goma a intanet. Ka sa wa binciken wa'adi, dan yana da daɗi kuma yana iya zama maɓoyar mai tsoron fara rubutu.

Duk waɗannan, sunaye da shekaru da kamanni da kalanda da zane, ka tara su a fayil ɗaya daban wanda zaka dinga buɗewa gefe kana rubutu. Kuma ka ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla, ɗaya a Google Drive ko ka tura wa kanka ta imel, katunan ma ka ɗauke su hoto. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta.

Lissafin tsawo da lokaci

A manyan kyaututtukan Hugo da Nebula na ƙagaggun labaran kimiyya, sai rubutu ya kai kalma 40,000 ake lissafa shi a cikakken dogon labari, ƙasa da haka zuwa 17,500 matsakaici ne. Mu ce kai kana nufin 60,000. In kowace fitowa ta kai kamar kalma 1,500, kana buƙatar kati 40, wato 10 a farko, 20 a tsakiya, 10 a ƙarshe. In ka ƙirga ka ga kati 18 gareka toh ko dai labarin gajere ne, wanda ba aibu bane, ko kuma tsakiyar bata cika ba. In kana rubuta kalma 500 kullum, kwana 120 zaka gama zubin farko, wata huɗu kenan. Ka zaɓi adadin da zaka iya ko a ranar da ka gaji, ba na ranar da kake jin ƙarfi ba. In kuma kana cikin masu sakin labari kaɗan kaɗan a intanet, tsarin nan ya fi zama dole a kanka, dan abunda ka riga ka saki bazaka iya komawa ka shuka komai a ciki ba, kuma ka tara aƙalla babi biyar a hannu kafin ka saki na farko.

Gwaji na ƙarshe kafin ka fara

Ka samu mutum ɗaya wanda baya jin kunyarka, ka ba shi labarin da baki cikin minti goma, daga farko har ƙarshe, kana kallon fuskarsa. Inda ya ce sai me ya faru, wurin yayi. Inda idonsa ya koma kan waya ka riƙe wurin. Inda ya ce tsaya, me yasa bata faɗa masa kawai ba, toh ya nuna maka rami, kar ka tsaya kare kanka, ka rubuta tambayar ka koma kan katunan.

Tsarin duka kar ya wuce sati huɗu zuwa shida. Ba sai kowane kati ya cika ba, in ginshiƙai biyar sun tsaya, katunan kashi na farko sun fito sosai, sauran kuma kana ganinsu ko da dishi dishi, ka fara. Kuma ka sa a ranka labarin zai kauce daga tsari, wata rana Safiya zata faɗi maganar da baka shirya ba kuma ta fi wadda ka shirya kyau. In haka ta faru kar ka ja ta da ƙarfi ka mayar kan layi, kar kuma ka bi ta ido rufe. Ka dakata a ranar, ka baza katunan da suka rage, ka sake bin su da saboda haka ɗaya bayan ɗaya har zuwa zaman kwamiti, wanda ya daina shiga ka cire ka rubuta sabo a madadinsa, washegari ka ɗauki kati na gaba ka ci gaba daga inda ka tsaya.